Yadda Aka Mai da Rabe Nagoggo Ɓarawon Fanka

Rabe Nagoggo bai iya wasa ba. In ka tsokane shi sai ya tsaya yana kallonka, yana neman inda gaskiyar maganar take, kafin ya gano ba'a ce har mutane sun gama dariya sun watse. Wannan shi ne kaɗai aibin da aka sani gare shi a Kankiya da Kusada. To sai Allah ya haɗa shi da taubashi wanda bakinshi bai taɓa hutawa ba.

A Dudunni aka haife shi. Bai san uwarshi ba, don tana goyonshi ta rasu, sai ƙanwar babanshi, Goggo Haulatu, ta zo daga Kusada ta saɓa shi a baya ta tafi da shi. Lokacin tana da ɗanta na fari, Badamasi, wanda ya ɗan girmi Rabe. Ta haɗa su ta raina, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Da yake mace ce mai kara, ko sunan Badamasi ba ta faɗi, sai dai ta ce "yaron nan". Rabe kau sunan mahaifinta ya ci, don haka "Babana" take ce mashi, kuma in nama yanka ɗaya ne a miya, to an san bakin da zai shiga. In yaran suka yi faɗa ba ta ma tambayar ba'asi, Badamasi ke shan muciya. Daga nan mutanen unguwa suka laƙa wa Rabe Nagoggo, har sunan ya bi shi makaranta.

Ɗan wa da ɗan ƙanwa, ai taubasai ke nan, kuma kowa ya san dokar. Taubashi ya kira ka bawa, ya kira ka maye, ya ce kai ka cinye kazar maƙwabta, ba ka da ikon yin fushi. Ramawa ake yi. Wanda ya fusata shi ya faɗi, kuma shi manya za su yi wa faɗa. Badamasi ya riƙe wannan dama hannu bibbiyu tun suna yara. Rabe kau ramuwar ce ba ta zo mashi sai bayan an tashi, yana kwance, sannan amsa mai daɗi ta faɗo mashi a rai, ba wanda zai gaya mawa.

Da ya tasa, Goggo ta kai shi wurin Malam Yakubu mai gyaran rediyo a Kankiya. Tsoho ne mai zafin hannu, amma abu guda ya dasa wa Rabe wanda ya fi sanin waya da dalma. Duk abin da ka ciro daga cikin kayan mutum, ko ƙonannen fis ne, ko noti mai tsatsa, ka ƙulle a leda ka miƙa mashi tare da kayanshi. Mutane suna ganin kowane mai gyara ɓarawo ne, yana cire mai kyau ya sa marar kyau, kuma ba laifinsu ba ne, an sha yi masu. Leda ita ce shaidarka. Rabe ya tashi da wannan. Rediyo ta ja baya ya koma naɗin fankar sama, daga nan ya koma waya, daga baya ya je Kano ya zauna wurin wani mai gyaran kwamfuta har hannunshi ya faɗa. Ya dawo Kankiya ya buɗe ɗan shago kusa da tasha, ya auri Ummusalma, Allah ya ba su zuri'a.

Shagon ba wani abin kallo ba ne, tebur ne da benci da kwalaye. Abin da ke ciki mai daraja sunan mai shi ne. Kwamfuta ba rediyo ba ce. Malamin makaranta zai kawo tashi da jarrabawar yara a ciki, ma'aikacin ƙaramar hukuma da takardun ofis, mai hoto da hotunan matan mutane. Su ajiye, su juya baya, su tafi har mako, hankali kwance. "Kai wa Nagoggo," haka ake cewa, "ko allura ka manta ciki za ka same ta." Da wannan suna yake ci da iyalinshi, ba shi da gona ba shi da shanu.

Badamasi shi kuma ya zama mai ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu. Ya buɗe shago a Kusada, ya sayo wata ƙatuwar kwamfutar tebur ta hannu, wadda aka ce daga Turai ta zo, da ita yake haɗa hotuna. In ta kama aiki ana jin rurinta daga bakin titi. Shi kau abin alfaharinshi ke nan. Yakan bubbuga mata gefe ya ce wa 'yan zaman shagon, "Ku ji doki! Wannan ba irin na yara ba ce." Kuma kada a ga wautarshi shi kaɗai. A nan duk wanda ya tashi, da kunne yake auna inji. Injin niƙa, injin ban ruwa, janareta, babur, wanda ya fi ruri shi ne mai lafiya, wanda ya yi laƙwas ya kusa mutuwa.

Rurin nan kau ba lafiya ba ce, ciwo ne. Maƙwabcin shagon injin ɓarzar gyaɗa gare shi, kullum ƙaiƙayi na tashi, kwamfutar na shaƙa. Da bazara ta kankama, zafi ya kai inda ya kai, sai ta fara ɗaukewa ana tsakiyar aiki. A haɗa bikin mutane ya kai rabi, ɗif, ta mutu. Da abin ya ishi Badamasi ya naɗe ta da bargo, ya ɗaure bayan babur, sai shagon Rabe.

"Bawana," ya ce tun daga ƙofa, "tashi ka yi wa ubangidanka aiki. Dokina ya fara tuntuɓe."

Rabe ya yi murmushi, ya kwance murfin. Ya ga abin da ya zata. A kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato ɗan ƙarfen nan mai faɗin akwatin ashana da ke yin duk lissafin, akwai wani gini na faranta-faranta na alminiyam da ke janye zafi, da fanka ɗaya a gabanshi, ɗaya a baya. Ta gaba ta tura iska ciki, ta baya ta zuƙe ta waje. To tsakanin farantan nan ƙaiƙayi ya toshe ya zama kamar tabarma. Fankokin kuma sun tsufa, cibiyarsu ta cinye, suna juyawa suna kaɗuwa, ta bayan ma sai an taɓa ta da yatsa take tashi. Duk rurin da Badamasi ke taƙama da shi kukan wahala ne, iskar da ke wucewa ba ta kai ta mafici ba.

"Bar ta nan," in ji Rabe. "Fankokin sun gaji."

"To ka yi mata abin da ya dace. In ka ɓata ta, na sayar da kai."

Wallahi ko kwamfutar hakimi Rabe bai taɓa yi wa aikin da ya yi wa wannan ba. Yana da wasu fankoki biyu sababbi a kwali, da ya sayo Kano ya ɓoye don tashi kwamfutar da yake burin haɗawa wata rana. Manya ne, masu faɗin fiffike, irin waɗanda ke juyawa a hankali su kwaso iska mai yawa, kuma wayarsu mai baki huɗu ce, kwamfutar da kanta ke gaya masu su ƙara gudu in ta ji zafi, su sassauta in ta huce. Ya ce a ranshi, ɗan Goggo ne, wa ya fi shi cancanta? Ya ɓalle 'yan wayoyin ƙarfen da ke riƙe da tsofaffin, ya kwance ginin gaba ɗaya, ya fita waje ya bi farantan da buroshi yana hurawa har sai da ya ga haske ta tsakaninsu. Ya goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya mai da ginin ya ɗaure notinan a gicciye, kaɗan nan kaɗan can, don ya zauna daidai. Sannan ya duba 'yar kibiyar da ke jikin kowace fanka, don in ka juya ɗaya suka fuskanci juna, iskar dambe za ta yi a tsakiya. Ya maƙala su, ya kunna, ya ɗora mata aiki mai nauyi yini guda. Ko gezau. In ba ka kara hannu ka ji iska mai ɗumi na fita ta baya ba, sai ka rantse a kashe take.

Tsofaffin fa? Nan tsautsayin yake. Ya ɗauko leda kamar yadda ya saba, sai ya ga abin kunya ne. Ɗan'uwanka, aikin kyauta, kuma ka tsaya miƙa mashi shara a leda sai ka ce baƙo? Ya cilla su cikin kwalin tarkace a ƙarƙashin tebur. Sau ɗaya tak a rayuwarshi da ya karya dokar Malam Yakubu, kuma zumunci ya sa shi.

Da kanshi ya kai kwamfutar Kusada, ya jona, ya danna. Allo ya kawo. Badamasi ya tsaya yana jira. 'Yan zaman shago ma suka yi tsit suna jira.

"To kunna mana," in ji Badamasi.

"Ai a kunne take."

Badamasi ya durƙusa ya kara kunne. Ya ɗago, fuskarshi ta canza, amma nan da nan ya rufe da dariya. "La ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani. Na kai doki, an maido mani jaki. Bawana, ina ka kai ƙarfin?"

Rabe ya shiga bayani, faɗin fiffike, gudun juyawa, wayar mai baki huɗu. Wa zai saurara? Kowa dariya yake. Badamasi ya ce, "Nawa na Turai fa, na asali, suna ina?" Rabe ya ce suna shago cikin tarkace. Wani daga benci ya ce, "Af!" Aka ƙara shewa. Shi ma Rabe ya yi ɗan yaƙe ya hau babur ɗinshi, a zatonshi maganar ta ƙare nan.

Abin haushi, cikin makon nan aka yi ruwan farko, gari ya yi sanyi. Kwamfuta ta daina ɗaukewa, sai Badamasi ya ce ai damina ce ta kawo sauƙi. Ka ji fa! Aikin ya tafi ga hadari, zargin ya zauna kan Rabe.

Don zargi ne, kada wani ya ce wasa. Badamasi a cikin ranshi ya yarda an cuce shi. Da namiji ne da ya tari ɗan'uwanshi su biyu ya ce, ni fa ban gamsu ba, a buɗe a nuna mashi. Amma ina! Sai ya laɓe bayan taubasantaka, inda zai faɗi abin da ya ga dama ba mai kama shi. A teburin mai shayi, "ɓarawon fanka". A ƙofar masallaci bayan an sallame, "ku riƙe takalmanku, ga ɓarawon fanka nan." Wata rana a wani ɗaurin aure a Rimaye, yana riƙe da abin magana don gwada sauti, ya hango Rabe cikin taro, sai ya saki murya ta lasifika: "Sanarwa! Duk mai fanka a gida ya koma ya kulle, Nagoggo ya iso." Aka kwashe da dariya. 'Yan Kusada sun san taubasai ne. To mutanen Rimaye da na Kunduru da baƙin da suka zo daga nesa fa, wa ya gaya masu? Su dai sun ji an kira mai gyara ɓarawo a bainar jama'a, kuma sun ga ya sunkuyar da kai bai musa ba. Magana zarar bunu ce.

Sannu a hankali shago ya fara yin shiru. Ranar da abin ya fito fili ita ce ranar da Hajiya Basira ta zo. Tana da makarantar kuɗi ta yara a cikin gari, kuma tun da Rabe ya buɗe shago shi ke duba mata kwamfutoci. Ta kawo guda biyu ba a daɗe ba, ko buɗe su bai yi ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta gaishe shi sama-sama, ta ce ta zo ɗauka.

"Hajiya, ban kai gare su ba tukuna."

"Ba komi, Malam Rabe. Dama gara da ba ka buɗe ba."

Ya ji maganar har tsakar kanshi. "Hajiya, wani abu aka ce na yi?"

Ta gyara mayafi. "Ni ban ce ba. Amma ɗan'uwanka ciki ɗaya ke faɗi, ba wani ba. Ruwa ba ya tsami banza."

"Taubashina ne, Hajiya. Wasa yake."

"To, Allah ya sa." Ta sa direba ya kwashe.

Rabe ya zauna kan benci. Da ya koma gida ya kasa cin tuwo. Ummusalma, wadda ita bakinta ba ya ciwo, ta ajiye ludayi ta ce, "Wallahi malam, shirunka ya ishe ni. Yau a gidan suna wata ta tambaye ni wai da gaske ne kayan Turai kake tarawa kana kai wa Kano. Ni aka kalla aka yi wa wannan tambaya! In kai ba ka iya buɗe baki, ni zan je Kusada in buɗe nawa."

Bai bari ta je ba. Washegari ya tafi da kanshi, ya samu Badamasi a shago, ya ja shi gefe. Ya ce, "Don girman Allah ka bar maganar nan. Abincina kake zubarwa."

Badamasi ya buɗe ido, ya juya ga 'yan benci ya daga murya. "Jama'a, bawana ya yi fushi! Ya faɗi! Yau ɗan Dudunni ya faɗi!"

Daga nan Rabe ya wuce gidan Kawu Ɗanmaliki, babban dangi, wanda ke raba gardama in ta taso. Ya durƙusa ya zayyana mashi komi. Tsohon ya yi dariya har da share hawaye. "Haba Rabe! Da girmanka? Ƙarar taubashi ka kawo mani? Mu da muka yi namu, har rijiya aka jefa mani hula ban kai ƙara ba. In ya ce maka ɓarawo, ce mashi ɗan fashi. Tashi ka ba ni wuri, kada mutane su ji."

Ina dalili! Hula a rijiya ita ce za a haɗa da sunan mutum? Hula ka sayi wata. Amma haka aka sallame shi, shi ne ma marar kunya, shi ne wanda bai san zumunci ba.

Saura mutum ɗaya. Rabe bai so ya kai wa Goggo ba, don ta tsufa, ga ciwon ƙafa, amma ya san duk duniya in akwai wanda zai tsawata wa Badamasi ya ji, ita ce. Kuma tun yana yaro bai taɓa kai kuka wurinta ya dawo hannu wofi ba. Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Babana," ta ce, "abin nan da yaron nan ke magana, yana wurinka?"

"Suna shago, Goggo. Matattu ne, shara ce."

"To mai da mashi abinshi."

"Goggo, in na mai da su injin zai lalace. Waɗanda na sa mashi sun fi su nesa ba kusa ba."

"Ya lalace mana, nashi ne. Ni dai na gaji da jin sunanku a bakin mata. Ka mai da mashi yadda ka same shi, kowa ya huta. Ban taɓa roƙonka komi ba."

Haka ne kau, ba ta taɓa ba. Rabe yana ganin ramin da za a tura shi, ƙuru-ƙuru, amma ta yaya zai ce wa matar da ta goya shi a'a? Ya ce, "To, Goggo."

Ranar kasuwa ya je, bayan la'asar, don lokacin ne Badamasi ya ce yana shago. Da gangan Badamasi ya zaɓi lokacin ko ba da gangan ba, Allah masani, amma benci cike yake, har da na tsaye. Rabe ya tono tsofaffin fankokin daga kwali, ya zo da su, ya kwantar da kwamfutar a kan tebur a gaban kowa. Ya leƙa ciki. Tsaf, ba ƙura, sababbin na nan zaune yadda ya sa su. Ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki tsohuwar ta gaba, fiffikenta na lilo a cibiya, ya maƙala. Ya ɗauki ta bayan, wadda ya san ba ta tashi sai an tura, ya maƙala. Tun da ya fara riƙe sukudireba bai taɓa sa wa mutum abin da ya san matacce ne ba sai ran nan. Ya rufe, ya jona, ya danna.

Ta ɗauki ruri, gurrr, har tebur na karkarwa.

Shago ya kaure. "Allahu akbar! Ka ji magana!" "Doki ya dawo!" Badamasi ya bubbuga mata gefe yana washe baki. Wani dattijo da ke tsaye bakin ƙofa, wanda ba ya cikin masu dariya, ya girgiza kai ya ce wa na kusa da shi, ba da ƙarfi ba amma Rabe ya ji, "Ashe dai da gaske suna wurinshi. Biri ya yi kama da mutum."

Shi ke nan. Da can zargi ne, yanzu an ga ɓarawo ya maido kaya da hannunshi, gaban shaidu. Badamasi ya dafa kafaɗarshi ya ce, "Na yafe maka, bawana, kada ka ƙara." Tir da wannan yafiya! Rabe ya kwashi sababbin fankokinshi ya fita, bai yi sallama da kowa ba, kuma har wannan sai da aka ce girman kai ne.

Da zafi ya dawo kwamfutar ta koma ɗaukewa, Badamasi ya ce tun da Nagoggo ya taɓa ta ba ta ƙara lafiya ba. Rabe bai rufe shago ba, ina zai je? Manyan ayyukan dai sun koma Katsina da Kano. Abin da ya rage mashi canjin bakin caji da liƙa gilashin waya, aikin da ake yi a tsaye a biya a wuce. Ya ƙara zama shiru. Zumunci kau bai yanke ba, duk Juma'a in an sauko yana Kusada gaida Goggo, don a ganinshi ita ba ta yi don ta cuce shi ba, zaman lafiya ta nema.

Wata Juma'a ya tarar da ita tana fifita da murfin kwano. Ashe wata 'yar fanka mai caji da jikarta ta aiko mata ce ta tsaya. Rabe ya ji daɗi ma, ya samu abin da zai yi mata. Ya ce bari ya tafi da ita shago, gobe ya dawo da ita.

"A'a," ta ce da sauri, ta dafe fankar. "Duba ta nan."

Ya ɗauka ba ta son ta kwana cikin zafi ne. Ya zauna bakin tabarma, ya ciro ɗan sukudireban da ba ya rabuwa da aljihunshi, ya buɗe. Ba wani abu ba ne, zare da gashi ne suka naɗe cibiyar. Yana cikin warwarewa ya lura Goggo ta jawo kujerarta ta matso, da ciwon ƙafar da komi, har gwiwarta na taɓa tashi. Ba fuskarshi take kallo ba. Hannunshi take bi, in ya yi dama ta bi, in ya yi hagu ta bi. Ya cire zaren, ya ɗiga man keken ɗinki, ya rufe, ya kunna. Fanka ta tashi sumul, iska ta kaɗa mata gefen kallabi.

Ta ɗauka ta kai kunne. Ta daɗe tana saurare. Sannan ta sauke ta a cinya, ta dube shi, ba alamar dariya a fuskarta.

"Da can ta fi haka ƙara," ta ce. Ta rage murya don kada matan gida su ji. "Babana, tsakaninka da Allah, ba ka cire komi ba?"

Zagin duniya duk Rabe ya sha bai yi hawaye ba, amma wannan ta karya shi. Ya tashi ya nemi takalmanshi, idonshi ya cika har bai ganin su sosai, ya fita ya bar sukudireban a kan tabarma.